Tambaya Bashi Ce: Yadda Zauren Waya Zai Zama Wurin Karatu

Duba wayar duk ɗan kasuwar da ke zaune a ƙasar da ba tasa ba, za ka tarar da zauruka sun fi goma. Akwai na 'yan garinsu, akwai na layin da yake kasa kaya, akwai na direbobi da masu lodi, akwai na dangi, akwai na 'yan canji inda ake leƙa farashin sefa da sidi da naira kowace safiya. A cikinsu da wuya ka rasa guda da aka buɗe da sunan karatu, ko koyon Faransanci, ko lissafin yara, ko karatun boko na manya. Sai dai kaɗan ne ke kai wata shida suna yin abin da aka buɗe su dominsa. Mako biyun farko a yi ta ɗoki. Daga nan gaisuwar safe da hotunan furanni da bidiyon da aka kwaso daga wani wuri su cinye zauren, ya zama taron tsintsiya babu shara.

A ganina abu ɗaya ne ke kashe waɗannan zauruka: tambayar da aka yi ba a amsa ba. Yaro ya yi ta maza ya yi tambaya, aka bar ta ta nutse. Gobe ba zai sake ba. Wanda ya ga an yi wa ɗan uwansa haka shi ma sai ya kame bakinsa. To in masu tambaya sun yi shiru, me ya rage? Sai masu turo labari.

Ni ɗan kasuwa ne, goro da albasa nake harka a Kumasi, kuma na haura shekara ashirin a nan. Danginmu kuwa a warwatse suke kamar na yawancin masu karanta wannan mujalla. Yayana yana Maraɗi, ƙanina yana Yawunde, ƙanwarmu tana aure a Injamena, sauran suna gida Katsina. Lokacin korona, da aka rufe makarantu a Gana a watan Maris na 2020, muka buɗe wa yara zaure a WhatsApp don kada kawunansu su yi tsatsa. A nan Gana sai a Janairun 2021 yawancin yara suka koma aji, kusan wata goma ke nan a gida. Muka ce hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka: wanda ya iya lissafi ya taimaki wanda bai iya ba, mai Turanci ya ba mai Faransanci, mai Faransanci ya rama masa.

Abin da ya sa zauren ke da muhimmanci a wurinmu ya wuce jarrabawa. Yaranmu na Gana da Najeriya da Turanci ake koya musu, na Nijar da Cadi da na ƙanina a Yawunde da Faransanci. Waɗannan suna shirin BECE, na Nijar da na Yawunde suna shirin BEPC. Harshe ɗaya tak ya haɗa su, shi ne Hausa. In ba su saba warware matsala tare da Hausa tun suna yara ba, ranar da muka kau za su gaji dukiya da bashi da abokan ciniki a ƙasa biyar, amma ba za su iya zama su yi lissafi da juna ba. Na ga gidajen da haka ta faru da su, kuma ku ma kun gani.

Ba a daɗe ba zauren namu ya kama hanyar da sauran suka bi. Wata 'yar yayana ta ɗauki hoton lissafin rabawa da ya gagare ta, ta turo da daddare. Kafin gari ya waye, saƙo sama da sittin sun hau kansa: barka da haihuwa, addu'o'i, bidiyon wata mota da ta kife da buhunan albasa, da muhawarar wanda ya fara gaishe da wani. Babu wanda ya ƙi yarinyar. Kowa ya zaci wani zai amsa, wasu ma ba su ga hoton ba sam. Ta yi sati uku ba a sake jin ɗuriyarta ba.

Ya kamata mu fahimci abin da muke riƙe da shi a hannu. An ƙirƙiro WhatsApp a 2009, Telegram kuma a 2013, kuma don hira aka yi su. Hira kuwa layi ɗaya take bi, sabuwar magana ta ture tsohuwa. A da, mutum 256 zaure ɗaya na WhatsApp ke ɗauka, a 2022 aka ƙara zuwa 512, sannan 1,024. Na Telegram yana kaiwa 200,000. Wannan ya yi wa mai talla daɗi. Mai koyo kuwa, yawan jama'a ba ya ƙara masa komai in babu wanda ke riƙe da lissafin abin da aka tambaya.

Duk wanda ya taɓa zama a zauren malami ya san yadda ake yi. Kowa da littafinsa, kowa da layinsa. In naka ya zo ka karanta, a fassara maka, a gyara maka, sauran suna saurare suna ƙaruwa. Ba a tashi sai an sallami kowa, kuma gobe daga inda ka tsaya za a ɗora. A makarantar allo ma ba ka wanke allonka sai ka biya an ji. Wato akwai wanda ya san inda kowa ya kwana. Abin da zauren waya ya rasa ke nan, kuma shi muka yi ƙoƙarin dawo da shi ta hanyar da mu 'yan kasuwa muka fi sani, wato littafin bashi.

Ƙa'idar mai sauƙi ce. Duk tambayar da ta shigo zaure bashi ce a kan zauren gaba ɗaya har sai an biya. Babbar 'yata muka naɗa mai littafi. Ta sayi littafin rubutu irin na 'yan firamare, ta ja layi biyar: rana, mai tambaya, abin da aka tambaya, wanda ya ɗauka, an biya ko ba a biya ba. Wanda zai amsa sai ya ja saƙon tambayar gefe, yadda amsarsa za ta maƙale da ita, ya rubuta "na ɗauka". Daga nan yana da kwana biyu. Ran Lahadi da daddare sai ta jero basussukan da suka rage, ta kafe jerin a saman zaure. WhatsApp yana ba da damar kafe saƙo na awa 24, ko kwana 7, ko kwana 30. Mu na kwana 7 muke zaɓa, ya kai mu wata Lahadin.

Kuma ba mai amsa ne ke cewa an biya ba. Mai tambaya ne. Sai ya ce "na gane", ya kuma yi irin lissafin guda ɗaya da kansa ya turo, sannan a soke layin. Ai ko a kasuwa mai bin bashi ne ke cewa kuɗinsa sun cika.

Bahaushe ya ce bashi hanji ne, yana cikin kowa. Wannan karin maganar ta yi mana aiki, domin da aka fara kafe jerin sai manya ma suka soma jin nauyi. Ba wanda ke son ganin tambayar ɗan ƙaninsa ta kwana bakwai a rataye alhali yana da amsar.

Da littafin ya fara aiki sai muka gano abubuwan da ba mu taɓa lura da su ba. Waccan rabawar da 'yar yayana ta turo, da ɗana ya ɗauka, abin da ya fara ce mata shi ne, "Ai Yaya, tun daga yadda kika jera shi kin ɓata." Ita kuwa daidai ta jera. A makarantun Faransanci adadin da ake rabawa da shi a dama yake zama, amsa kuma a ƙarƙashinsa ake rubuta ta. A na Turanci a hagu yake, amsa a sama. Hanya biyu, amsa ɗaya. Kwana biyu suna kai da kawowa da hotuna kafin kowa ya iya karanta aikin ɗan uwansa.

Sai kuma batun waƙafi da ɗigo. In aka rubuta 2,500, yaron Kumasi zai ce dubu biyu da ɗari biyar, yarinyar Maraɗi za ta ce biyu da rabi, domin a tsarin Faransanci waƙafi ne ke raba cikakken adadi da ɓarinsa. Duk wanda ya taɓa karɓar rasit daga Lome ko Kwatano ya san wannan ba wasan yara ba ne. Daga nan hira ta faɗa kan kuɗi. A Maraɗi da dala ake ƙirga, dala ɗaya sefa 5, jika kuwa sefa 1,000. A Katsina in tsoho ya ce jaka, naira 200 yake nufi. A nan Gana tun 2007 aka cire sifili huɗu daga sidi, amma har yau za ka ji wata a kasuwa ta ce miliyan ɗaya tana nufin sidi 100. Sefar Yamai da ta Yawunde darajarsu ɗaya, kowacce 655.957 ce ke yin yuro guda, amma takardar wannan yanki ba ta sayen komai a wancan sai an canja. Babu littafin makaranta ɗaya da ya haɗa wa yaranmu waɗannan a shafi guda. Su suka haɗa da kansu, kowa ya kawo na ƙasarsa. Wannan ne amfanin koyo tare da babu malamin aji da zai ba su.

Bayan littafi, akwai wasu gyare-gyare da muka yi, kuma duk da abin da ke cikin wayar muka yi su.

Na farko, mun raba ɗaki. Gaisuwa da sanarwar biki da ta'aziyya suna da zaurensu, karatu yana da nasa. Tun ƙarshen 2022 WhatsApp ya kawo tsarin da ake tara zauruka da yawa a ƙarƙashin inuwa ɗaya, Telegram kuma ya kawo raba zaure guda gida-gida bisa maudu'i. Ko babu wannan ma, buɗe zaure na biyu ba ya cin ko sisi. Abin da ke da wuya shi ne gaya wa babba cewa ya turo abu a inda bai dace ba. Wannan aikin ni na ɗauka, domin yarinya ba za ta iya ce wa baffanta ya goge saƙo ba.

Na biyu, saƙon murya. Mu mutanen baki ne, kuma rabin 'yan zauren sun fi sakewa da magana a kan rubutu. Amma murya ba ta da fuska: saƙo goma a jere duk kamarsu ɗaya, sai ka buɗe ka ji. Saboda haka muka ce kada saƙo ya wuce minti biyu, mai magana ya fara da faɗin tambayar da yake amsawa kafin gaisuwa ta yi tsawo, sannan ya rubuta kalma biyu ko uku a ƙarƙashi, kamar "rabawa, aji shida". Da waɗannan kalmomin ake nemo shi bayan wata uku.

Na uku, manya su jira. Muna da suruki malamin makaranta a Damagaram. Da farko kafin yara su gama karanta tambaya ya riga ya amsa, cikakkiya, babu abin ƙari. Muka roƙe shi ya riƙa ba su kwana ɗaya. Yanzu yaro ne ke fara amsa wa yaro, shi kuma ya zo daga baya ya ce nan daidai, nan a sake dubawa. Wanda ya yi bayani da bakinsa ya fi wanda aka yi wa bayani riƙewa. Kuma mun hana ba da amsar aikin gida tsurarta. Ka nuna hanya da wani misali, mai aiki ya ƙarasa nasa.

Na huɗu, kunya, kuma ita ce babba. Tsarinmu na gida bai yarda suruka ta yi tambaya a gaban surukinta ba, balle dattijo ya nuna bai iya abu ba a gaban jikokinsa. Yayana ya haura sittin, ya yi shekaru yana biyan wani yaro ya karanta masa takardun kwastan. Rannan ya kira 'yata a gefe ya ce, "Ke 'yar nan, akwai wata kalma da nake gani kullum a takarda. Ki tambayo mini, amma kada ki kuskura ki kama sunana." Ta ce, "To Baffa, ba wanda zai ji." Ta rubuta a zaure cewa wani ya tambaya. Tun daga ranar muka buɗe wannan ƙofa ga kowa, kuma yanzu yawancin tambayoyin matan gida ta nan suke shigowa. Matar ƙanina da haka ta koyi karanta takardar sakamakon 'ya'yanta.

Na biyar, data da lokaci. Yawancin yaran ba su da waya, ta uwa suke ara bayan an gama tuwon dare. Wasu sai an kai wayar shagon caji an dawo da ita. Don haka ba ma yin darasin da sai kowa ya hallara a lokaci guda, kuma mun hana bidiyo sai in babu makawa. Hoton takarda da gajeriyar murya sun isa. In kuma an sa lokaci, sai a faɗi agogon wace ƙasa, domin Gana tana bayan Najeriya da Nijar da Kamaru da Cadi da awa ɗaya, Sudan kuma tana gabansu da awa ɗaya.

Duk wannan dabarar talaka ce, muna cike giɓi da biro da takarda. Akwai abubuwan da masu ƙera irin waɗannan manhajoji za su iya yi, da matasanmu da ke karatun kwamfuta a Kano da Yamai da Kumasi. Ga buƙatuna a matsayina na mai amfani da su kullum.

A samar da alamar da mutum zai sa wa saƙonsa cewa tambaya ce, ta zauna a wani jeri na daban da ba ya nutsewa, har sai mai ita ya ce an biya. Littafin 'yata ke nan, a cikin waya.

A samar da hanyar tambaya ba tare da suna ya fito ba, shugaban zaure kaɗai ya san mai ita. Telegram yana da ƙuri'ar da ba a ganin wanda ya zaɓi me, har da ta kacici-kacici mai nuna amsar daidai. In ana iya ɓoye mai amsa, ana iya ɓoye mai tambaya.

A koya wa na'ura mayar da muryar Hausa rubutu. A ƙarshen 2024 WhatsApp ya fara rubuta saƙon murya, da harsuna kaɗan irin su Turanci da Sifaniyanci da Fotugis. Ranar da Hausa ta shiga irin wannan tsari, duk bayanin da dattawanmu suka zuba a murya zai zama abin da ake iya nemowa. Kuma wanda bai iya karatu ba zai riƙa ganin maganarsa ta koma baƙaƙe a gabansa, wanda shi kansa darasi ne. Google ya sa Hausa cikin harsunan fassararsa tun 2013, saboda haka ba a ce harshenmu baƙo ne a wurinsu ba. Amma a kula: Hausar Maraɗi da ta zangon Kumasi da ta Yawunde duk Hausa ce, kada a koya wa na'ura ta gari ɗaya.

A gyara wurin nema ya gane haruffanmu masu lanƙwasa. Wani ya rubuta "ƙasa", wani "kasa", wani "k'asa". A Najeriya ana rubuta 'ya'ya, a Nijar ƴaƴa. Mai nema ya kamata ya samu dukkansu da bugu ɗaya. Kada kuma a manta da masu ajami, waɗanda da yawansu sun fi mu saurin rubutu in aka ba su haruffansu.

A ba da hanya mai sauƙi ta tattara tambayoyin wata guda da amsoshinsu a shafi ɗaya, a kai shagon kwamfuta a buga. Ba don ado nake faɗin wannan ba. A Cadi an toshe kafofin sada zumunta daga Maris na 2018 har zuwa Yulin 2019, wata goma sha shida. A Kamaru an yanke intanet a yankuna biyu masu magana da Turanci na kusan wata uku a farkon 2017. Ko babu wannan, waya tana ɓata, ana sace ta, tana faɗawa ruwa. Ilimin da ke cikin waya kaɗai kamar kuɗi ne a aljihun da ya huje.

Kafin a yi mana waɗannan, akwai abin da ke hannunmu. Zauren da yara ke ciki, kada a yaɗa hanyar shigarsa a wasu zauruka, domin duk wanda ya shigo yana ganin lambobin mutanen gidanka. A saita shi sai shugaba ya amince mutum zai shiga, kuma kowane yaro ya kasance akwai babba nasa a ciki. Mutum ashirin da suka san juna sun fi ɗari biyar da ba a san daga ina suka fito ba.

In kuna da zauren karatu da ya yi sanyi, kada ku yi saurin buɗe sabo. Ku hau sama ku nemo tambaya ta ƙarshe da aka yi ba a amsa ba. Ku kira mai ita, ko da wata shida ne ya wuce, ku ce masa zaure ya tuna ana bin sa bashi, ga amsa. Sannan ku nemi yaro ko yarinya mai tsare amana, ku saya masa littafi da biro. Kuɗin bai kai na ƙwaryar goro ba. Mu da ba ma barci in an riƙe mana sefa dubu biyar, bai kamata mu iya barci da tambayar ɗanmu a wuyanmu ba.